Tayar da Tsohon Injin Kwale-kwale: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu tsohon injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, ko wanda aka gada ya daɗe a jingine a zaure, ko wanda aka sayo na hannu. Yawancin bayanin a kan inji mai bugu biyu ne, wato wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, domin shi ya fi yawa a hannun masunta da masu fito, tun daga Yawuri zuwa Baga har Yeji ta ƙasar Gana.

Na samu inji ya shekara da shekaru a ajiye. In zuba masa mai in ja igiya in ga ko zai tashi?

Kada ka soma. Sau da yawa zaman ajiya ba ya kashe inji, wannan jan igiyar na farko ne ke ƙarasa shi. Inji mai bugu biyu ba shi da wurin ajiyar baƙin mai a cikinsa. Abin da ke shafe fistin da boris shi ne ɗan man da fetur ke shigowa da shi. In ya daɗe bai yi aiki ba, man nan ya tsane, silinda ta bushe, wataƙila ma tsatsa ta fara kamawa. Ka tayar da shi a haka, ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Ga robar famfon ruwa da ta bushe a ƙasa, ga tsohon fetur da ya daskare a kafireta.

Cire fulogai tukuna. Kwantar da injin yadda ramukansu za su kalli sama, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa giya a firi, ka kama faifan nan mai nauyi da ke saman injin, ka juya shi da hannu a hankali ta inda hannun agogo ke bi. Kada ka mayar da shi baya, fikafikan robar famfo na iya karyewa. In ya zagaya lafiya ba gurzawa, ba inda yake cijewa, to akwai magana.

Ta yaya zan gane ko ya cancanci a kashe masa kuɗi?

Da awon matsin iska a silinda. Duk bakaniken kirki yana da ma'aunin: a ɗaura shi a ramin fulogi, a buɗe totur, a ja igiya sau huɗu ko biyar, a karanta. Adadin da ya kamata ya bayar ya danganta da irin injin, amma abin da ya fi shi muhimmanci shi ne silindodin su yi kusa da juna. Bambanci ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai matsala a ciki. Ɗaya ta ba da 120, ɗaya ta ba da 80, ka san ko ringi ya manne, ko fistin ya ƙarje, ko gaskit ya ƙone.

Daga nan ka haska tocila a ramin fulogi ka dubi bangon silinda, ka duba ko akwai tsaga a jikin injin ko a gidan giya, ka kwance kusar man giya ka ga abin da zai fito. Matsalar wuta da ta kafireta da ta famfon ruwa duk masu sauƙi ne, kuɗinsu ba ya karya mutum. Wanda ke cin aljihu shi ne karanshaf da tsatsa ta ci, da silindar da ta ƙarje, da haƙoran giya da suka zube. In biyu daga cikin ukun nan suka haɗu a inji ɗaya, ni dai shawarata a mayar da shi na cire kaya, a nemi wani ɗan'uwansa mai lafiyayyen ciki.

Kuma kada ka sayi komai, ko fulogi ɗaya, kafin ka gama wannan binciken.

Faifan ya ƙi juyawa sam. Shi ke nan ya mutu?

Ba lallai ba. Da farko ka tabbatar inda cijewar take: a sauke ƙafar injin, wato ɓangaren ƙasa mai giya da farfela. In faifai ya juya bayan an sauke ta, to giya ce ta cije, kan injin lafiyarsa lau. In har yanzu ya ƙi, cika silinda da man da ke ratsa tsatsa, ka ba shi kwanaki, kullum kana ɗan girgiza faifan gaba da baya kaɗan-kaɗan. Sauri ya haifi nawa: wanda ya sa dogon bututu a sufana ya hau kai da ƙarfi, ko ya karya ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin.

Akwai bambanci tsakanin cijewar ajiya da cijewar zafi. Wanda tsatsa ta ɗan riƙe wa ringi yakan saki. Wanda ya cije yana cikin tafiya saboda ƙarancin mai ko rashin ruwa, ko ya saki sai an buɗe shi, domin alminiyon fistin ya riga ya narke ya shafu a bangon silinda.

Ina zan ga irinsa da shekarar da aka ƙera shi, kuma me ya sa ake damuwa da wannan?

Akwai ƙaramin farantin ƙarfe a jikin maƙalar da ke riƙe injin da bayan jirgi, a nan lambar samfuri da lambar injin suke. Ɗauki hotonsa kafin ka wanke komai, don wani lokaci goge-goge kan tafi da rubutun. Da wannan lambar ake sayen kayan gyara, da ita ake sanin yawan man da za a haɗa masa.

A Yamaha, kowane samfuri yana da lambar da kayansa da yawa ke farawa da ita: Enduro mai doki 40 da ake kira E40X lambarsa 66T, E15D mai doki 15 kuwa 6B4. Kamfanin ya fara ƙera injin kwale-kwale a 1960, bayan Tohatsu da ta fara a Japan a 1956. Amma in abin da ke hannunka Evinrude ne ko Johnson, tarihinsa ya fi haka nisa. Ole Evinrude, haifaffen Norwe, ya fara sayar da injinsa a Milwaukee ta Amurka a 1909, 'yan'uwan Johnson suka biyo baya a 1922, daga bisani sunayen biyu suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya, OMC. Shi ya sa kayan Evinrude da Johnson na shekara ɗaya da ƙarfi ɗaya sukan shiga juna, launin fenti ne kawai ya raba su. OMC ya durƙushe a ƙarshen 2000, Bombardier na Kanada ya sayi sunayen a 2001, a 2020 kuma aka daina ƙera Evinrude baki ɗaya. British Seagull na garin Poole a Ingila, ɗan siririn nan mai tanki a ka wanda ake naɗa wa igiya da hannu, an daina yin sa a 1996.

To ana samun kayan gyaransu?

Na Yamaha Enduro, a duk babbar tashar ruwa. Akwai ma injunan China da aka ƙera bisa samfurinsa, kayansu na shiga, sai dai inganci hawa-hawa ne. A fulogi ko tiyo kana iya yin hakuri da mai araha. A robar famfo da boris da ringi, araha ba ta ado.

Na tsohon Evinrude da Johnson da Seagull, har yau ana sayar da kwayil da kontak da gaskit da kayan kafireta a Amurka da Ingila, amma sai an yi odarsu, ga kuɗin jigila, ga jira. Wanda injin shi ne hanyar abincinsa, ya yi wannan lissafin tun da wuri.

Fulogi ba ya kawo wuta. Daga ina zan fara?

Daga maɓallin kashewa. Cire wayarsa ka sake gwadawa. In wuta ta dawo, maɓallin ne ya lalace, ka huta da kwance faifai. Mutane kan sayi kwayil sabo a kan laifin wannan ɗan maɓallin.

In ba shi ba ne, ya danganta da zamanin injin. Tsofaffi sosai suna da kontak da kwandansa da kwayil a ƙarƙashin faifai. Kwayil na Johnson da Evinrude na shekarun 1950 ya yi suna wajen tsattsagewa in ya tsufa, da ido ma za ka gani, kuma ba ya gyaruwa, canzawa ake yi. Kontak a goge shi ya yi tas, a daidaita tazararsa. A yawancin waɗannan injunan rabin milimita ce. Na baya-baya suna da akwatin CDI mai sarrafa wutar fulogi, shi ba a buɗe shi, sai dai a gwada da wani mai lafiya.

Wutar kirki shuɗiya ce, tana tsallake tazarar milimita 6 ko fiye a fili da ƙara tas-tas. Jar wuta mai rauni da ke tsallake bakin fulogi a waje tana iya gazawa a cikin silinda. Ka yi gwajin nesa da inda fetur ya zuba.

Wajen cire faifai, a yi amfani da abin zaro shi, kada a dinga dukan kan karanshaf da guduma. Akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli mai siffar rabin wata tsakanin faifai da karanshaf. In ya gutsure, wuta za ta riƙa zuwa ba a lokacinta ba, injin ya yi ta fizge maka igiya daga hannu.

Yana tashi in an ja cok, da an saki sai ya mutu. Mene ne?

Kafireta ce ta toshe, kusan kullum. Fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo mai launin ruwan ƙasa a ƙananan ramukan da mai ke bi. A kwance ta gaba ɗaya, a jiƙa ƙarafan a man wanke kafireta, a hura kowane rami da iska. Kafin ka cire kusar daidaita silo, ka ɗaure ta a hankali har ta tsaya kana ƙirga zagaye nawa ta yi, ka rubuta, don ka mayar da ita yadda take. Kada ka tsokale jet da allura ko wayar ƙarfe. Ramin ya ɗan ƙara faɗi, injin ya koma shan mai har abada.

Ka bi hanyar mai tun daga tanki: tsatsa a gindin tanki, tiyo da ya bushe yana shan iska, robar da ake matsawa, fatar famfon mai, da ɗan ramin iska na murfin tanki da akan manta a buɗe. In feturin bumburutu kake saye, tace shi kafin ya shiga tanki.

Wannan ba maganar silo kawai ba ce. A inji mai bugu biyu, ƙarancin fetur ƙarancin baƙin mai ne. Injin da ke da kafireta fiye da ɗaya, ɗaya ta toshe, zai ci gaba da tafiya da sauran alhali silinda guda tana aiki a bushe har ta cije. Idan an wanke kafireta tas amma silo bai zauna ba, injin yana atishawa, a duba sil na karanshaf, sama da ƙasa, don in sun bushe iska ke shiga ta nan.

Robar famfon ruwa da alama lafiyarta ƙalau. Dole ne in canza?

Dole. Ba a duban fuskarta, shekarunta ake dubawa. Roba ce mai fikafikai da ke zaune a matse cikin gidanta a saman gidan giya. In ta daɗe ba ta juya ba, fikafikan kan sandare a lanƙwashe, su daina turo ruwa, ko su ɓalle a tafiyar farko. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, abin da take karewa kuwa shi ne injin gaba ɗaya.

Da ka buɗe, ka ƙirga fikafikan tsohuwar. In babu ɗaya, yana can ya maƙale a bututun ruwa ko a kan injin, sai an nemo shi. Dubi farantin da take zaune a kai da ƙoƙon da take juyawa a ciki: in yashi ya yi musu zane mai zurfi, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, a canza su tare. Masu aiki a kogin Kwara da Binuwai da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ana bi ta kan rairayi, sun fi kowa sanin wannan. Wajen mayarwa, a shafa wa robar ɗan sabulu ko giris kaɗan, a riƙa juya sandar ta inda hannun agogo ke bi ana danna gidan ƙasa, fikafikan za su kwanta da kansu. A shafa giris a gefen haƙoran sandar, amma ban da samanta, don giris da ya taru a can yakan hana ta zama daidai.

Bayan an tayar, a dubi fitsarin injin, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya. Rashinsa ba kullum ke nufin famfo ya mutu ba. Injin da ya daɗe a jingine, zanzaro kan cika ramin da laka ya yi ɗakinsa. A tsokale da tsinken lailon. Amma a kashe injin tukuna, kada a bar shi yana aiki ana bincike. Wasu tsofaffin injuna ma ba su da wannan ramin, ruwan kan fito ne yana feshi tare da hayaƙi ta bayan ƙafa.

Wasu bakanikai kan cire abin daidaita zafi su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ban goyi bayan haka ba. In ya cije a canza shi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana jiƙa fulogi, yana tara baƙi.

Man giya ya fito fari kamar kindirmo. Me ke nan?

Ruwa ya shiga. Cire farfela ka duba bayanta: zaren koma ko na ƙugiya da ya nannaɗe a sanda shi ya fi yanka sil. A canza sil na farfela da na ƙarƙashin famfon ruwa, da 'yan wasar kusoshin mai guda biyu. Man giya lamba 90 ake sawa, kuma ta ramin ƙasa ake tura shi har ya fito ta na sama, sannan a rufe na sama kafin na ƙasa. In ka zuba ta sama, iska za ta tare, ka zaci ya cika alhali rabi ne. Ɗan garin ƙarfe mai laushi a mai ba abin tsoro ba ne, gutsattsarin da yatsa ke ji kuwa haƙoran giya ne.

Baƙin mai nawa zan haɗa?

Wanda maƙerin injin ya ce, ba wanda maƙwabcinka a tasha ke yi ba. Yamaha Enduro 50 da 1 ne, fetur kashi 50 baƙin mai kashi 1: mililita 20 a kowace litar fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Johnson da Evinrude na kafin 1964 yawanci 24 da 1 suke so, ninkin wancan da ɗan ɗoriya. Tsohon Seagull 10 da 1 ne, mililita 100 a lita guda, hayaƙinsa kuwa sai wanda ya gani; na baya-bayansa ne aka mayar 25 da 1. Rage wa irin waɗannan mai don ka ga hayaƙi ya yi yawa, kashe su ne. A auna da gwangwani mai alama, ba da ido ba, a girgiza sosai.

Baƙin man mota zai yi?

Na mota a'a: ba don ƙonewa aka yi shi ba, yana barin toka da ke manne ringi. Nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan, shi aka yi domin injin da ruwa ke sanyayawa.

Kusoshi sun ƙi kwancewa, ɗaya ma ta karye a ciki.

Alamar injin ya yi aiki a teku ke nan, kamar yawancin na hannu da ake shigowa da su. Kusar ƙarfe a cikin alminiyon, ga gishiri, sai su zama abu ɗaya. A jiƙa da man ratsa tsatsa, a ɗan bubbuga kan kusar, a gasa alminiyon da ke kewaye da ita, ba ita kanta ba, bayan an kawar da tanki da duk abin da ke da fetur. A riƙa kwancewa kaɗan ana ɗaurewa kaɗan. Wadda ta karye, in da saura a waje a yi mata waldar noti a kai. In ta karye a ciki, kai wa mai injin huda da ya iya. Wajen haɗawa a shafa wa kowace giris, kusoshin kan silinda kuma a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, zagaye biyu ko uku.

Zan iya gwada shi a gida?

A durom, da ruwa har ya haye inda famfo yake sosai. Ko na daƙiƙa kaɗan kada ka tayar da shi a bushe, sabuwar robar za ta ƙone. Kada kuma ka ba shi wuta da yawa a firi. Yi a fili, ba a ɗaki ba, kuma yara su yi nesa da farfela.

A durom ƙalau yake, a ruwa kuma ba ƙarfi.

A durom babu nauyi, inji mai silinda biyu ma yana iya yaudararka da ɗaya. Duba fulogai: wanda ya fito a jiƙe ko tas kamar ba a yi aiki da shi ba, silindarsa ce ba ta ci. In injin yana ihu jirgi ba ya tafiya, robar cikin farfela ce ta saki, ko ƙafar ta yi wa jirgin gajarta tana shan iska. Ƙafa iri biyu ce aka fi sani, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan fi shi ƙasa.

Tsofaffin injuna da yawa suna da ɗan fil mai laushi da ke riƙe farfela, an yi shi ne don ya karye in ta bugi wani abu. Kada a maye gurbinsa da ƙusa. A tafkin Kainji da aka tare a 1968, da tafkin Volta, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a ƙasa. Ƙusa ba za ta karye ba, giya ce za ta karye a madadinta.

Injin ya faɗa ruwa. Me zan yi?

Tsatsa tana fara cin boris da zarar ya fito ya sha iska, don haka aikin na ranar ne. Wanke shi da ruwa mai tsabta, cire fulogai, zubar da abin da ke kafireta, juya faifai da hannu ruwa ya fita. In ka ji yana gurzawa, yashi ya shiga, tsaya, sai an buɗe. In yana juyawa lafiya, zuba baƙin mai a silinda, busar da kayan wuta, sa sabon fetur mai ɗan yawan mai, ka tayar da shi ya yi aiki kamar rabin awa ko fiye. In babu halin yin haka nan take, gara a bar shi nitse a ruwa mai tsabta har bakanike ya iso.

Yaushe zan yi masa fenti?

A ƙarshe, bayan ya yi aiki a ruwa ka gamsu. Alminiyon yana da nasa fentin shimfiɗa, in ba a sa shi ba na sama zai ɓare. Kada a shafe ɗan dunƙulen ƙarfen nan da ke kusa da farfela, an sa shi ne ruwa ya ci shi a maimakon jikin injin, kuma kada fenti ya toshe ramukan shan ruwa.

In kuwa injin tsoho ne na gaske, irin na shekarun 1950 ko kafin nan, yi tunani kafin ka kankare shi. A Amurka akwai masu tara irin waɗannan, har da ƙungiyarsu, Antique Outboard Motor Club, kuma da yawansu sun fi daraja inji da fentinsa da tambarinsa na asali, ko da ya koɗe, a kan wanda aka fesa wa sabo.

Na gama. Zan iya ɗaukar fasinja gobe?

Ba gobe ba. In an sa sabon fistin ko ringi, awa 10 na farko a ninka baƙin mai, wato 25 da 1 ga Enduro, a riƙa sauya gudu, kada a danne totur har ƙarshe. Tafiye-tafiyen farko a yi su kusa da gaɓa, ba kaya, a nufi inda ruwa ke fitowa, don in ya mutu ruwa ya dawo da kai. Bayan nan a sake ɗaure kusoshi, a duba man giya ko ya canza launi. Kainuwa da kacalla da leda kan rufe ramukan shan ruwa, saboda haka ido na kan fitsarin injin.

A cikin jirgi kada a rasa fulogai biyu da sufanarsu, igiyar tayarwa, fil na farfela, filaya da filafili. Igiyar maɓallin kashewa a ɗaura ta a hannu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta wajabta rigar kariya ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare.